Muciyar Ba Mele a Hannun Somtochi

A bakin mahaifinta Latifa ta fara jin sunan Somtochi, kuma tun daga ranar sunan bai kwanta mata ba. Ba Mele marini ne, mutumin da idan zai kira 'yarsa sai ya bi ta kan sunan matarsa da na ɗansa, "Mairam, a'a, Fa'iz, kai, ke dai!", kafin ya iso kan Latifa. Amma ran nan yana wanke hannu a tsakar gida ya ce, "Gobe Somtochi za ta zo ɗiban ruwa." Ya faɗi sunan cif, ko tuntuɓe harshensa bai yi ba.

"Wace ce kuma haka, Baba?"

"'Yar Madam Akunna mai kirefish. Ruwan rinin da muke zubarwa take so. Wai wanke shi za ta yi."

Ya Mairam ta ajiye ludayi tana dariya. "To, Allah Ya nuna mana. In ta gama sai ta shanya shi a igiya."

Somtochi haifaffiyar Jimeta ce, a Bekaji aka yanke cibiyarta. Mahaifinta Lawrence kayan gyaran babur yake sayarwa, ya rasu tana firamare. Shekarar da bom ya tashi a kasuwa dangi suka yi ta kira daga kudu a kan su tattara su koma, uwar ta ce ita a nan ta binne miji, a nan kwastomominta suke. Yarinyar ta tashi a gindin tebur tana tankaɗe kirefish, wato busassun ƙananan jatan lande da uwar ke sayarwa, tana share ɓawon da ke zuba. Da ta shiga jami'a karatun sinadarai, wannan ɓawon da ake zubar wa kaji shi ta ɗauka ta yi aikinta na shekarar ƙarshe a kai.

Su Latifa kuwa gudun hijira ne ya kawo su daga Bama. Abu ɗaya Ba Mele ya fito da shi daga marinar kakanninsa: muciyar da ake motsa shuni da ita, doguwa, ta yi baƙi ƙirin saboda tsufa. Da ita ya dogara a daji. Latifa tana ƙarama, ita ta riƙe gindin muciyar yana janta idan ƙafafunta sun ƙi, har suka shigo Yola. Tun daga nan ta sa wa ranta cewa wata rana tata ce. Da ta gama sakandare ta tsunduma aikin gadan-gadan, don Fa'iz ya kama tuƙin keke mai ƙafa uku ya bar rini. Ita ke ɗaure yadi, ita ke tsomawa, ita ke matsewa, hannunta ya yi shuɗi har lalle ba ya fitowa. Amma duk ranar da ta miƙa hannu ga muciyar sai ya ce, "Bari. Ba ta mace ba ce."

A Nassarawo suke, bayan gidan Malam Bobboyi, wanda ya ba su fili tun zuwansu. Babu karofi a nan, a durom ake rini, kuma yawanci da galura. Ruwan da aka gama da shi lambatu yake bi ya ratsa unguwa, yau ja, gobe shunayya. Malam Bobboyi ya daure har ranar da agwaginsa farare suka dawo gida da ciki shuɗi. Ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam Mele, ni dai fararen agwagi na saya. Ko a gyara ruwan nan, ko a nemi wani wuri."

A cikin wannan hali Somtochi ta zo da jarkoki da safar hannu ta roba. Siririya ce, mai saurin magana, Hausarta ta 'yan Jimeta, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ta durƙusa ta gaida Ba Mele, ta juyo ta ce, "Kai ne Latifa? Papa ya ce kana da hannu sosai."

"Anti, sannu da zuwa," in ji Latifa, ta ci gaba da matse yadinta.

Aikin Somtochi ba ɓoyayye ba ne, ta bayyana wa duk wanda ya tsaya saurare. Takan wanke ɓawon kirefish, ta jiƙa shi a sinadarai, ta busar, ta haɗa da yumɓun da aka niƙa ya fi kwalli laushi, ta mulmula ƙananan ƙwayoyi kamar gero. Idan aka zuba su cikin ruwan rini aka yi ta motsawa a hankali, sai su tsotse launin. A kwalba abin yana yi. A durom kuwa ya ƙi, ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, ruwa yana nan yadda yake. Latifa kuwa duk ranar da ya ƙi takan ci tuwonta da daɗi.

Wata safiya Somtochi tana fama da guntun katako, ya karye a hannunta. Ba Mele ya dube ta ya ce, "Motsinki ne ba ya kai wa gindi." Ya shiga ɗaki ya fito da muciyar. Ya ɗora mata hannu a kai, ya nuna mata yadda ake zagayawa daga ƙasa a ɗago, yadda ubansa ya nuna masa.

Latifa tana tsaye da jiƙaƙƙen yadi, ruwa na ɗiga a ƙafarta.

"Baba, ashe Anti Somto namiji ce ban sani ba?"

"Wannan ba rini take yi ba, cire rini take yi."

"Au, ashe muciyar ta san bambanci."

"Ke, je ki shanya kayan mutane."

Da la'asar launin ya ragu, ruwan ya koma kamar na wankin shinkafa. Somtochi ta yi ta jaddada cewa ba na sha ba ne, kuma ƙwayoyin da suka sha launi a tara mata su, kada a watsa a lambatu. Ba Mele bai ma ji ba. Ya cika kwalba ya ɗaga ta sama, ya kai wa Malam Bobboyi, ya kai majalisar bakin masallaci, yana cewa, "Ku ga aikin 'yata." Maganar tashi ta mutu daga ranar.

Abin da ya fi tsaya wa Latifa a wuya ƙarami ne. Wata rana safar Somtochi ta yage, shuni ya taɓa mata wuyan hannu, ɗigo bai fi ƙwayar wake ba. Ba Mele ya kira Ya Mairam ta zo ta gani. "Ta zama tamu! Shuni ya karɓe ta!" Latifa ta dubi nata hannuwan, shuɗi har gwiwa, ta tura su cikin mayafi.

Ba za a ce Somtochi ta yi mata laifi ba, wannan ne ma abin haushin. Takan kawo mata man shafawa don tsagewar hannu. Ta koya mata haɗa ƙwayoyin tun daga wanke ɓawo har mulmulawa, ba ta rage komai ba. Idan Latifa ta yi mata gatse sai ta yi dariya ta ce, "Abeg, ƙanwata, bakinka ya fi soda zafi."

Da ta samu gurbin ƙarin karatu a kudu, ta zo sallama. Ba Mele ya shafe muciyar da mai, ya naɗe ta a sabon yadi, ya miƙa mata a gaban kowa. Somtochi ta karɓa da hannu biyu tana hawaye. Latifa ta shige ɗaki, ba ta raka ta bakin keke ba.

Ba Mele ya rasu bara. Yau Latifa ke riƙe da marinar, ita ke haɗa ƙwayoyin da ɓawon da Madam Akunna ke aiko mata, kuma agwagin Malam Bobboyi farare ne tas. Duk wanda ya shigo zai same ta da muciyar a hannu. Idan aka ce, "Allah sarki, gadon uba," takan ci gaba da motsa ruwanta, don ita ta san yadda muciyar ta dawo gidan.

Ranar tafiyar ce, bayan waccan sallamar, Ba Mele ya fita kasuwa, Somtochi ta tsayar da keke a ƙofar gida ta shigo da ita a naɗe. Ta ce, "Papa ya ba ni, ba zan mayar masa da kyauta ba, zai ji ciwo. Amma inda zan je babu durom, zai bushe ya tsage. Latifa, don Allah ka riƙe mini shi. Ka riƙa motsa ruwa da shi kullum, har ranar da zan zo in karɓa."