Laujen da Baba Ya Bari

Ƙarfe huɗu na yamma, ni da Baba da ƙanena Sani muna yankan shinkafa a bayan garin Sheme, sai muka ji rurin baburan 'yan bindiga.

Na ce, "Baba, mu gudu."

Ya ce, "Ku tafi. Ba a taɓa ganin ƙeyata ba."

Tsohon malamin makaranta ne, kullum labarinsa wani jarumin ƙasar Girka da ya tsaya a ƙofar gari don kunyar gudu. Ni da Sani muka gudu. Washegari muka ɗauko gawar Baba, laujen na hannunsa.

Yau shekara guda. Sani ya wasa laujen, wai gobe zai koma gonar. Na roƙe shi, ya ƙi.

Allah Ya jiƙan Baba. Don Allah, wanda Sani ke jin maganarsa ya zo gidanmu yau.