Ranar da Glenys Ta Wanke Labule

Shekara ashirin da biyu Glenys Ackroyd ta yi tana raba wa yara abinci a firamaren unguwarmu a garin Barnsley, ban taɓa jin ta roƙi ko gishiri ba. Bango ɗaya ne tsakaninmu, da ta roƙa da na sani. Mijinta Keith shi ke buɗe duk wasiƙar hukuma. Da ya rasu a Janairun 2014, sai ta riƙa cusa wasiƙun a bayan agogon falo, ta daina zuwa aiki, ta daina wanka. Ni ke miƙa mata miya ta ƙofar baya.

Sai a Afrilu na tsare ta, ta cike takardar neman tallafin haya da na harajin gida. Hukumar gari ta amince daga ranar, amma na watannin baya sai da ƙwaƙƙwaran dalilin jinkiri. Mai gidan da take haya kuwa ya ce in babu kuɗin watannin bayan, ta tashi.

Aka ce jami'i zai zo ranar Talata ya ji dalilin jinkirin. Tun Lahadi matar nan ta miƙe. Ta wanke labule, ta je aka gyara mata gashi, ta gasa kek, ta fito da kofunan baƙi.

"Yaya jikin, Misis Ackroyd?" in ji jami'in, wani saurayi mai ladabi.

"Ƙalau nake, ɗan nan. Wasu sun fi ni damuwa. Ƙara kek mana."

"Me ya hana ki nema tun Janairu?"

"Sakaci ne kawai. Ku yi haƙuri, na ɗora muku aiki."

Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta janye abinta. Yaron ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji.

Bayan mako biyu amsa ta zo, an ƙi. Raina ya ɓaci, har yau bai huce ba. Na ajiye mata takarda da biro.

"Akwai ɗaukaka ƙara, ke mai taurin kai. Rubuta musu yadda na same ki a gado."

"In gaya wa baƙi na yi wata uku ina wari? 'Yar Doreen ta ƙarshen layi fa a ofishin take aiki."

"Gidanki fa za ki rasa, Glenys."

Ta kalli takardar. Sannan ta rufe biron, ta tambaye ni ko ina da kwalayen haɗa kaya.