Suwaitar da Na Zaɓo wa Baba

"Ke, zo ki cece ni," in ji Baba yau da safe. Yana tsaye a zaure, zif ɗin sabuwar suwaitarsa ya kama masa gemu.

Ni na zaɓo ta a kasuwar Rimin Gado, ruwan toka, mai gajeren zif a wuya, saboda sanyin da yake sha wajen ban ruwan albasa. Da yake ni ce 'yar fari, kunya ta hana ni miƙa masa, sai na ba Inna. Kwana huɗu tana rataye a ƙusa. Na ɗauka ya ƙi ta ne, yana ganin kayan samari ne.

Na zare gashin a hankali.

"Baba, ba a jan shi har sama. A nan ake tsayawa, yadda wuyan kaftani zai ɗan leƙo."

"To, Malama. Ashe ita ma sai da karatu." Ya shafa ƙirjinsa. "Dama Juma'a nake jira. Rigar da 'yata ta zaɓo ba za ta fara da gona ba."

Sai na gudu wajen Inna.

Ku ma haka iyayenku suke ɓoye farin cikinsu?