Shekarar da Na Daina Ɗaukar Ƙanena

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kun jima ba ku ji ni a nan ba. Yau zan faɗi abin da ko 'ya'yan cikina ban taɓa zama na ba su labarinsa ba.

Ina 'yar shekara bakwai a lokacin, a ƙauyenmu kusa da Lakwaya. Zamanin gyaɗa ne, kowane gida da tsibinta a tsakar gida.

Da ciwon maƙogwaro ya fara, da zazzaɓi. Inna ta ba ni jiƙo, na warke, aka manta.

Bayan 'yan makonni sai idona ya soma ƙiftawa da kansa. Sai kafaɗa ta kama zabura. Muna ɓarar gyaɗa hannuna ya fizge, ƙwarya ta kife.

Inna ta ce, "Hajara, wane irin shashanci ne wannan?"

Na ce ba ni nake yi ba. Ba ta yarda ba, na sha ranƙwashi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi cin raina ba a ganinsa. Wani tunani ne ya shige ni, wai akwai ƙazanta a hannuna, in na taɓa ƙanena Sani, wanda yake rarrafe a lokacin, zai mutu.

Na san ba gaskiya ba ne. Sanin bai hana komai ba.

Sai wankin hannu. In wanke, in sake, har randa ta yi ƙasa, ruwan da Inna ta ɗebo tun daga rijiyar bakin gari. Yatsuna suka tsattsage. Sani ya rarrafo yana miƙo min hannu, in gudu bayan rumbu ina jin kukansa.

Maƙwabta suka ce iska ce, suka hana 'ya'yansu wasa da ni. An yi hayaƙi, an sha rubutu. Malam Idi, limamin unguwarmu, shi ya ce wa Baba, "Addu'a ba za mu fasa ba, amma ka kai yarinyar nan asibiti."

Baba ba shi da kuɗin tafiya. Gyaɗar da ya ware ta iri ya kai sikeli ya sayar. Yayarsa, Goggo Ladi, ta ce, "To baɗi me za ka shuka?" Ya ce, "Baɗi tana hannun Allah, Yaya."

Daga Gwarzo muka hau motar gyaɗa zuwa Kano, muna zaune a kan buhuna. Na dunƙule hannuwana cikin zane. Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Uwata, me kike tsoro?"

Ba wanda ya taɓa tambayata. Na faɗa masa duka, ina kuka.

Bai yi dariya ba, bai ce in yi shiru ba. Ya zaro hannuwana ya ɗora a fuskarsa, ya ce, "Ga shi kin taɓa ni. Mu je."

A asibiti aka yanki kati, muka bi layi har azahar. Aka ɗebi jini. Likita ya sa na miƙe hannuwa, na fito da harshe, na matse yatsunsa. Ya jima yana sauraron ƙirjina. Sai ya tambaya, wani ma'aikaci yana fassarawa, "Ta yi ciwon maƙogwaro kwanan baya?"

Baba ya ce, "Ta yi, ranka ya daɗe."

Likita ya ce, "Daga nan ne. Ba hauka ba ce, kuma ba da gangan take yi ba. A daina dukanta."

Aka kwantar da ni makonni. Allura, hutu, awon ƙirji kowace safiya. Bayan sallama, duk wata Baba ya goya ni a keke zuwa ɗakin shan magani na Gwarzo a yi min allura, haka har shekaru.

Da muka dawo gida Baba ya faɗa wa Inna maganar likita. Sai ta ɗauko man gyaɗa ta zauna tana shafa min a yatsu, hawaye na zuba.

Sauƙin a hankali ya zo. Zaburar ta fara lafawa. Tunanin ya fi taurin kai, sai dai yanzu in ya zo ina faɗa, Inna ta ce, "Na ji. Zo ki taya ni tankaɗe."

Damina ta faɗi, Baba ya shuka irin da Goggo Ladi ta kawo masa da kanta. Wata rana Sani ya faɗi a taɓo yana ihu, ba kowa kusa. Na sure shi. Sai da ya yi shiru a kafaɗata na tuna ban wanke hannu ba.

Sani yana Kabo yanzu, jikokinsa sun fi nawa yawa.

Alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙan Baba da Inna da Goggo da Malam Idi, Ya saka wa likitan da ban san sunansa ba da alheri.

Iyaye, ba kowane yaro ne nasa irin nawa ba, likita ne zai bambance. Amma in yaro ya fara ƙifce-ƙifce ko maimaita abu, kada ku doke shi. Ku yi addu'a, ku kai shi asibiti. Kada ku raina ciwon maƙogwaro.

Kuma don Allah kada ku laƙa masa suna. Ni "Mai-ƙifce" aka kira ni har na yi aure, bayan na warke da shekaru. Wallahi ya fi allurar zafi.