Don Anselmo Zai Kashe Tanderu

Ranar Asabar, tun kafin motar masu tsinkar tuffa ta wuce layinmu, Don Anselmo Quilodrán ya riga ya tsoma hannuwansa cikin kwanon ruwan sanyi. Yakan bar su a ciki har yatsun su daina jin komai. Sai ya goge, ya ɗauko kwaɓin fulawar da ya kwana a firiji, ya shimfiɗa a kan falalen dutse, ya ɗora curin man shanu a tsakiya, ya rufe shi ruf kamar ambulan. Ya murza da sanda, ya ninka uku, ya mayar firiji. Ya ja kujera ya sha mate, shayin ganyen nan namu mai ɗaci, na rabin awa. Ya sake fito da shi, ya juya, ya murza, ya ninka. Haka har sau shida, kuma kowane zagaye sai ya danna yatsa a gefen kwaɓin don kada ya manta inda ya tsaya.

Tuffar da yake sawa ba ta kanti ba ce. Koriyar nan ce mai tsami wadda ƙanƙara ta yi wa tabo, wadda rumbun tattara 'ya'yan itace ke warewa gefe. A rumbun ya yi shekara talatin da takwas yana buga akwatuna, saboda haka har yau ana ajiye masa. Ya fere, ya yanka ƙanana, ya ɗan tafasa da sukari da kirfa da lemun tsami, ya bar ta ta huce sarai. Sannan ya yanka kwaɓin murabba'i-murabba'i, ya zuba cokali ɗaya, ya ɗauko kusurwa ya haɗa da 'yar'uwarta, ya shafa ƙwai. Abin da mu mutanen Villa Regina muke kira hankici ke nan. Ƙarfe goma ƙamshin ya tsallaka katanga.

Katangar tawa ce. Tagar ɗakin karatuna tana kallon kicin ɗinsa, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ina kallo ina jin haushi.

Kwamitin laburaren unguwa ne ya ce in rubuta masa 'yan kalmomi a takardar wata-wata, tunda a ƙarshen Afrilu 'yarsa Nélida za ta tafi da shi Bahía Blanca, can bakin teku. Hannunsa ya fara rawa saboda tsufa, kuma sau biyu ana ɗaga shi daga ƙasa. Suka ce ni na koyar da adabi shekara arba'in, ni ya dace. Na karɓa. Yabon masoyi kowa ya san farashinsa. Ga na wanda ba ya so.

Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Doña Zulema Painefil, wadda ta yi aikin jinya a asibitin gari har ta yi furfura, ta ce babu Asabar ɗin da tire bai iso ɗakin tsofaffi ba, kuma akwai waɗanda suka daina gane 'ya'yansu amma ba su daina gane ƙarar kekensa ba. Shekarar da ƙanƙara ta kwashe amfanin kwarin nan cikin minti ashirin, masu tsinka da suka zo daga Tucumán suka maƙale ba aiki ba hanyar komawa, tanderunsa bai huce ba kwana tara. Gidan rasuwa kuwa, sai dai a tarar da tire a kan tebur lulluɓe da tsumma, ba takarda, ba suna. Ba ya zama a yi masa godiya. Ni na koyar da rabin garin nan karatu. In sun gan ni sai su gyara tsayuwa su ce, "Ina kwana, Profe." In sun gan shi sai su tsallaka titi su rungume shi. Na daɗe ina nazarin bambancin, ban ji daɗin sakamakon ba.

Kuma sana'ar ma daga gidana ta fita. Lokacin da matarsa Rosalía ta rasu, Nélida tana da shekara shida. Aka ce kowane yaro ya kawo abin da uwarsa ta gasa ranar bikin makaranta. Ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, hula a hannu, ƙaton mutum mai yatsu kamar guduma, ya tambayi matata Delfina ko za ta nuna masa. Ba ya so a yi masa, so yake ya yi da kansa, don yarinyar ta ce daga gidansu ya fito. Delfina ta ɗaura atamfar girki ta tsallaka. Na farkon da ya gasa, da an jefi kare da shi da an biya diyya. Ta koma Asabar mai zuwa, da wadda ke bin ta, har shekara ta zagayo.

Kada mai karatu ya yi saurin kai zuciyarsa wani wuri. Ban taɓa zarginsu da komai ba. Da ma hakan ne, da na san sunan ciwona. Dariya ce. A gida ina karanta mata manyan littattafai, tana saurare, tana gyaɗa kai, wani lokaci ta yi barci cikin ladabi. A can kuwa, mutumin da bai gama firamare ba zai ce wani abu game da man shanu, sai in ji ta tana dariya har da tari.

Sai na samo inda zan rama. Kowace Lahadi Delfina tana gasa mana namu hankicin, kuma babu kamarsa. Duk yammacin da muka haɗu a kulob wajen karta, sai na jira tebur ya cika.

"Maƙwabci, naka ba laifi," nakan ce. "Ana ci in ana jin yunwa. Amma ka leƙo gidana Lahadi ka ga yadda masu abin ke yi."

"Haka ne, Profe," yakan ce, yana gyara katinsa. "Wane ni."

"Ɗalibi dai ɗalibi ne."

"Ai kai ka fi kowa sani. Zubo, kai ake jira."

Mutane su yi dariya, ni in koma gida da sauƙi a ƙirji. Na yi wannan wasan ya fi sau ɗari. Bai taɓa canza amsa ba.

Delfina ta rasu hunturu huɗu da suka wuce. Asabar ɗin da ta biyo bayan jana'iza na tarar da faranti a kan katanga, hankici biyu. Na bar shi nan har tsuntsaye suka gama da shi. Ya sake ajiyewa, na sake bari. Shekara huɗu muna haka, shi bai fasa ba, ni ban taɓa ba. Na ce wanda ya ci na asali ba ya cin kwaikwayo.

Da na ji maganar Bahía Blanca sai na tashi na zazzage gidan. Durowa, akwati, cikin littattafan addu'arta, bayan kalanda. Delfina ba ta rubuta komai ba. Daga kakarta ta koya, da ido da hannu, kuma mutum ɗaya tak ta koya wa. In ya hau motar nan, abin da ya rage na hannun matata a duniya ya tafi bakin teku ya zauna a kujera yana kallon talabijin. Na kwana uku ina gardama da kaina. Asabar ta farko a watan Maris na ɗauki littafin rubutu da alƙalami, na zagaya ta ƙofar gaba, abin da ban yi ba tun Nélida tana 'yar firamare.

Ya buɗe, ya dube ni, ya dubi littafin.

"Jarrabawa za a yi mini, Profe?"

"Awo nake so. Fulawa nawa, mai nawa, minti nawa."

"Ajiye wannan. Kawo hannunka." Ya kama tafina ya juya kamar mai duban tuffa. "Kai, wannan ai dutsen guga ne. Da wannan za ka taɓa man shanu? Tsoma a nan. Kada ka fitar sai na ce."

Na tsaya a kicin ɗin mutumin, ɗan shekara saba'in da huɗu, hannu cikin kwano kamar wanda aka sa horo. Ya ce man shanu da fulawa ba a so su zama abu ɗaya. So ake su kwanta kusa da juna falle-falle, kowa da iyakarsa, sai wuta ta ɗaga su. Da zarar ɗumin hannu ya narkar da man, an gama, burodi ka yi. Ya ce gaggawa ma ɗumi ce.

Nélida tana gefe tana naɗe kofuna cikin jarida. Da tiren farko ya fito, ya ɗauki ɗaya ya miƙo mini. Ba hanyar ƙi. Na gatsa. Ɓawon ya farfashe ya zubo mini a riga, tsamin ya biyo baya, sai ga ni zaune a teburinmu ranar Lahadi, rediyo na yi, Delfina na cewa in sa faranti a ƙarƙashin haɓa. Na kakkaɓe rigata. Sannan na ce, "Ka kusa kamo ta."

Nélida ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Baba, za ka gaya masa ko ni in gaya masa?"

"Naɗe kofunanki, 'yar nan."

"Don Evaristo," ta ce da ni, "shekara goma sha ɗaya na ƙarshe, wa kake tsammani yake yin na Lahadin?"

Ya juya mana baya yana goge dutsen da ba abin gogewa a kansa. Ita ta faɗi sauran. Sanyin ƙashi ya kama yatsun Delfina, ta kai ba ta iya danna sandar murji. Kowace Asabar, lokacin da nake ƙailula, sai ya miƙa mata dozin ɗaya ɗanye ta kan katanga, ta ɓoye a ƙasan firiji bayan kayan lambu, inda ta san ba na leƙawa. Lahadi in na fita sayen jarida, ta barbaɗa fulawa a tebur da gaban rigarta, ta kunna tanderu.

"Ita ta roƙe ka?" na tambaye shi.

"A'a. Na ga yadda take riƙe ƙoƙon mate da hannu biyu, sai na tambaye ta." Ya ci gaba da gogar dutsen. "Ta ce kada ka ji. Ta ce abu biyu kake taƙama da su a gari, karatunka da hankicinta, kuma mutane sun fara gajiya da na farkon."

"Kuma kana zaune ina ci maka fuska a kulob."

"To ai yabona kake yi, Profe. Ba wanda ya taɓa yabona kamarka. Mayar da hannun ruwa, ya fara ɗumi."

Kai ne, Anselmo, ka ga yatsunta. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita, ni da nake gano waƙafin da ya ɓace a shafi na ɗari uku, ban gani ba. Kai ka gani daga tsallaken katanga, a riƙon ƙoƙo. Wannan ba zan yafe maka ba, kuma ba laifinka ba ne. Kai ne ka riƙe magana shekara goma sha biyar a garin da ba a riƙe magana daga safe zuwa azahar. Kalma ɗaya za ka faɗa a teburin karta ka mayar da ni abin dariya har in mutu, kana da ita a baki kowane mako, ka haɗiye ta da mate. Ka rufa wa mace asiri, ka rufa wa mijinta, kuma mijin bai cancanta ba. Mai sanyin hannu, mai nauyin baki. Iyakar kirarin da zan yi maka ke nan, kada ka saba.

Tun ranar ban fasa zuwa ba. Asabar ta farko man ya tsattsafo ta gefe ya malale a tire. Ta biyu na manta zagaye nawa na yi, don na raina danna yatsa, na ce kaina ya isa. Ta uku ya ɗaga nawa sama ya duba ta hasken taga, ya ce, "Wannan a iya ba baƙo, in ba a so ya dawo." A bakinsa wannan lambar yabo ce. Amma ni na san gaskiya. Na tsufa, hannuna zafi gare shi, haƙurina kuma kun san shi. Abin da zan iya riƙewa bai kai rabi ba.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo na iya ba. Ku da kuka ci tirensa a gidan makokin iyayenku, ku da kakanninku suka ci a gadon asibiti, ku da kuke tsallaka titi kuna rungumarsa: runguma ba ta ninka kwaɓi. Asabar huɗu suka rage. Kicin ɗin yana ɗaukar mutum biyar in an fitar da kujera. Ku zo ku tsaya, ku yi shiru, ku kalli hannunsa tun yana iya nuna muku. Kuma in kun koya, ku yi yadda ya yi: ku duba wa ke riƙe abu da hannu biyu a kusa da ku, ku kai masa ba tare da kun sa shi ya ce na gode ba.

Ni zan ce, tunda ba a taɓa barin kowa ya faɗa ba. Na gode, maƙwabci. Na gode da Lahadi ɗari biyar da 'yan kai da na ci a gidana ina zaginka da bakin da ke cike da aikinka. Haushinka yana nan, ban rage ko kaɗan ba, kuma ina jin da shi za a binne ni.

Ƙofarsa a buɗe take daga ƙarfe shida. Ku zo da man shanunku. In kuka bar abin nan a hannuna ni kaɗai, a ƙarshen Afrilu za a sake yi wa Delfina jana'iza, kuma wannan karon babu mai kawo tire.