Garin Fumfunar da Kawu Ya Shanya

Kawuna ba ya yarda da abin da bai taɓa da hannunsa ba. Ko gatari aka ba shi aro sai ya girgiza ƙotar tukuna. Shi ya sa maƙwabta ke ce masa Sai-Na-Gani. Tun ina saurayi nake masa aikin gona, yanzu gwiwoyina sun fara ƙara, ban kuwa taɓa jin ya yabi kowa ba.

Ƙananan koren wake yake nomawa, irin da yake zaɓa da kansa kowace kaka. Damina biyu a jere ciwo ya shigar masa gona. Tsiro zai fito lafiya da ganye biyu, sai wuyansa ya yi baƙi daidai ƙasa, ya motse, ya kwanta. Irin ya yi ta raguwa har ya koma tulu ɗaya. In wannan ya ƙare, babu inda zai samo shi.

'Yarsa ta fari tana aiki a wurin renon tsirrai. Ita ta kawo wani gari kore-kore a leda.

"Baba, fumfuna ce mai rai. A cuɗa iri da ita, sai ta riga mugunyar fumfunar da ke kashe tsiron kama saiwa."

Ya sansana, ya yamutsa fuska. "Fumfuna ke kashe mini wake, ke kuma kin kawo mini ƙanwarta."

"Ba gidansu ɗaya ba."

"Wa ya gaya miki, mai sayarwa?"

Da ƙyar ya yarda a gwada a 'yan kunyoyin gefen rijiya. Ta koma bakin aikinta. Ni ma ban sa rai ba, na ga magunguna da yawa masu kyan leda.

Tsiron ya fito, ya kwanta kamar na bara. Kawu ya tsince su a murfin kwano, ya ajiye mata har ta zo.

"Ga aikin garinki. An cuce ki, kin zo kin cuce ni."

Ta juya su da yatsa. "A ina ka ajiye ledar kafin shuka?"

"Ajiya? Gyara miki na yi. Da danshi kika kawo shi. Na baje a kan rufin kwano, ya wuni a rana har ya yi ƙarau."

Haka yake tun fil azal. Duk abin da ya ga fumfuna a jikinsa, hatsi ne ko takalmi, rana yake kai shi.

"Baba, ai gasa ta ka yi."

"Abin da rana ke kashewa ne zai tsare mini gona?"

"A ƙasa take zama. Tsutsar ƙasa ma in ka shanya ta, mutuwa za ta yi."

Ta sake kawo sabon gari, ta ce a ba ta irin duka. Ya ba ta rabi, ya tura tulun ƙarƙashin gadonsa. Ita ta cuɗa a inuwa, muka shuka kafin rana ta yi zafi.

Yawancin tsirran suna tsaye yanzu, sun wuce ganye biyu. Kaɗan sun faɗi. Ko garin ne, ko ruwan bana ne bai yi yawa ba, ni ban sani ba, kuma ba zan rantse ba.

Jiya ina noma, ya durƙusa ya tono ɗaya da saiwarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Kai, kana wurin da ta cuɗa?"

"Ina nan, Kawu."

"Ka tabbata ba wani iri ta musanya mini ba?"