Motar da ba ta tashi in Inna na ciki

Sau uku ina murɗa makulli a tashar Gwaram, ko tari motar ba ta yi ba. Ga Inna a gaba, za mu dubo ƙanwata da ta haihu a asibitin Birnin Kudu.

Na kira Malam Sabo mai wayarin. Ya ce Inna ta sauka ta sha inuwa. Ya goge kan batir, ya ƙwanƙwasa sitata da sifana, mota ta tashi. Na kashe, Inna ta shiga, na murɗa: shiru. Ta sake sauka, mota ta tashi. Wallahi kaina ya ɗaure.

Inna ta ce, "Habu, in ba ka son zuwa da ni, faɗa mini. Akwai motar haya."

Malam Sabo ya dubi langar da ke hannunta, sannan ya ce, "Hajiya, wannan langar in kin shiga ina kike ajiye ta?"

"Ƙarƙashin kujera mana. Kunun maijego ne."

Ya leƙa. Ashe wanda ya sayar mini da motar ya ɓoye makunnin hana sata a wurin, langar ce ke danne shi. In Inna ta sauka kuma, da abarta take sauka.

Shekara uku ina tuƙa motar nan ban san da shi ba. Inna kuwa har muka isa ba ta ce mini uffan ba.

Jama'a, mota ta gyaru. Wa ya san mai gyaran Inna?